Mindar da Turawa Suka Buga Don Cin Kano da Sakkwato

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon faretin 'yan mazan jiya ranar 15 ga Janairu ya ga tsofaffi da mindodi jere a ƙirji. Yawancinmu kallo ɗaya muke yi musu, mu ce lambobin yabo ne, mu wuce. Alhali kowace minda takarda ce da aka rubuta da ƙarfe. Akwai gwamnatin da ta ba da umarnin a buga ta, akwai yaƙin da aka buga ta dominsa, akwai kuma sharaɗin da mutum zai cika kafin a rataya masa. Wadda nake so mu zauna a kanta yau ta girmi duk waɗanda ake gani a faretin, domin masu ita sun daɗe da kwanta dama. Turawan Ingila ne suka ƙirƙiro ta a 1902, suka sa mata suna Africa General Service Medal, wato mindar hidimar yaƙi a Afirka, kuma da ita aka saka wa sojojin da suka ci Bida, Kwantagora, Yola, Kano, Sakkwato, Burmi, Satiru da Haɗeja.

Da farko a bambance abu biyu da ake yawan cuɗawa. Akwai mindar jarumta, wadda ake ba mutum ɗaya saboda wata bajinta da ya nuna a fagen fama. Akwai kuma mindar hidima, wadda ake ba duk wanda ya halarci wani yaƙi tsakanin rana kaza da rana kaza, ko ya harba bindiga ko bai harba ba. Tamu ta wannan kashi na biyu ce. Ba ta cewa wane jarumi ne. Shaida kawai take bayarwa cewa yana wurin. Wannan ne ma ya sa take da daraja ga mai bin tarihi, domin ba ta tsaya kan manya ba, ta sauko har kan ƙaramin soja.

Azurfa ce, faɗinta milimita 36. A fuskarta akwai kan mai sarautar Ingila na lokacin da aka bayar da ita: Edward na Bakwai a farko, sai George na Biyar, sai Sarauniya Elizabeth ta Biyu a ƙarshe. A bayanta an zana wata mace a tsaye, wadda Turawan suke kira Britannia, alamar ƙasarsu. Tana riƙe da mashi mai baki uku a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma da reshen dabino da naɗaɗɗiyar takarda, ga zaki a gefenta, suna fuskantar wani fili fetal inda rana ke hudowa. A ƙasa an rubuta kalma ɗaya: AFRICA. Reshen nan zaman lafiya yake nufi, takardar kuma doka. A lura da filin da matar ke kallo. Babu gari a cikinsa, babu ganuwa, babu masallaci, babu mutum ko ɗaya. Mai zanen, George de Saulles, ya zana Afirkar da babu kowa a cikinta, a daidai shekarun da Kano ke da ganuwar da ta ba Gwamna Lugga kansa mamaki, da kasuwar Kurmi da fataken Gwanja da na Turabulus ke sauka a cikinta. Ƙyallen da ake rataye mindar da shi rawaya ne, gefe da gefe baƙi, da siraran layuka biyu kore a tsakiya.

Amma inda maganar take shi ne wani siririn ƙarfe da ake gittawa a kan ƙyallen, wanda aka rubuta sunan wuri ko shekarar yaƙi a jikinsa. Bari mu kira shi ƙarfen shaida. Ba a taɓa bayar da mindar ba tare da shi ba. Wanda ya je yaƙi ɗaya yana da ƙarfe ɗaya. Wanda ya je uku, ba a ƙara masa minda, sai dai a ɗora masa ƙarfe uku, wani bisa wani. Daga farkon mindar zuwa 1956 an fitar da irin waɗannan ƙarafa 45. Idan aka jera su aka karanta, an karanta tarihin yadda Ingila ta danne gabashi da yammacin Afirka, gari bayan gari.

Shida daga cikinsu na Arewacin Nijeriya ne.

Na farko ba shi da shekara, N. NIGERIA kawai aka rubuta. Ya ƙunshi yaƙe-yaƙen 1900 zuwa 1901. Ranar 1 ga Janairun 1900 Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, bayan gwamnati ta karɓe ragama daga hannun Kamfanin Neja, ya ayyana cewa Arewa ta shiga ƙarƙashin kariyarsu, alhali mafi yawan sarakunan da ake magana a kansu ba su san an yi ba. A farkon 1901 aka faɗa wa Kwantagora da Bida, Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya fice, Etsu Abubakar ma haka. A watan Satumba aka bi Binuwai da jiragen ruwa aka ci Yola, Lamiɗo Zubairu ya fita bai miƙa wuya ba. Na biyu, N. NIGERIA 1902, na tafiyar Kanar Morland ne zuwa Barno, wadda ta bi ta Bauchi, da kuma kamun Nagwamatse.

Na uku shi ne wanda ya fi shafarmu: N. NIGERIA 1903. Lokacin da aka ƙayyade masa ya fara daga 29 ga Janairu zuwa 27 ga Yuli. Waɗannan ranaku biyu ba haka kawai aka zaɓe su ba. Ta farko ita ce ranar da Morland ya tashi daga Zariya ya nufi Kano. Ta biyu ita ce ranar da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Wata shida ke nan, kuma a cikinsu daular da Shehu Usmanu ya kafa shekara ɗari da suka gabata ta zo ƙarshe.

Dalilin da Lugga ya kafa shi ne kisan Kyaftin Moloney a Keffi a watan Oktoban 1902. Magaji Ɗan Yamusa, wanda ya kashe shi, ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. Mahukunta a Landan ba su so a yi gaggawa ba, amma Lugga ya riga ya ƙulla abin da ya ƙulla. Rundunar da ta tashi ba ta da yawa: sojoji baƙaƙe ɗari bakwai da 'yan kai, hafsoshi da kuratan Turawa da ba su kai arba'in ba, igwa huɗu, da bindiga mai ruwa huɗu. Suka fasa Bebeji a hanya. Ranar 3 ga Fabrairu suka iso Kano, suka shiga ta wajen Ƙofar Kabuga bayan igwa ta yi aikinta. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa. A hanyar dawowa ya rabu da rundunar, daga baya aka kama shi a ƙasar Gobir, aka kai shi Yola, aka ƙare da shi a Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Ɗan'uwansa Waziri Ahmadu shi ya ja sauran dakarun, suka yi karo da Turawa a Kwatarkwashi a ƙarshen Fabrairu, ya yi shahada a can.

A tsaya kan Kwatarkwashi kaɗan, domin ta nuna bambancin mindar jarumta da ta hidima ƙarara. Wani Laftana Wallace Wright ne ya jagoranci 'yar ƙaramar ƙungiyar da ta tari dawakan Kano. Takardar yabonsa ta ce yana tare da hafsa ɗaya da sojoji 44, suka tsaya a sahu mai kusurwa huɗu, mahaya suka yi ta kawo hari suna zubewa. Wright ya sami Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a Ingila, sunansa ya shiga littattafai, ya kai har muƙamin janar. Su kuwa 44 ɗin da suka riƙe bindigogin, sunayensu sai a bakin minda da cikin rajista. Mahayan da suka mutu a gaban sahun, su ko wannan ba su samu ba, in ban da abin da zuriyarsu suka riƙe a ka.

Ranar 15 ga Maris aka gwabza a filin Giginya, wajen ganuwar Sakkwato. Faɗan bai daɗe ba. Doki da takobi da mashi da kibiya ba su da yadda za su yi da bindigar da ke zubo harsashi kamar ruwan sama. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu, wanda bai fi wata biyar a kan gado ba, ya fita ya yi gabas da niyyar hijira. Waziri Buhari ya tsaya da sauran jama'a, ya yi sulhu, daga baya ya rubuta wa malamai wasiƙa yana bayyana hujjarsa ta shari'a: cewa an yi haka ne don a tsare addini da rayukan Musulmi. Lugga ya iso, aka naɗa Attahiru na Biyu, ya kuma yi jawabin da ya fito da manufarsa fili, cewa Fulani sun mallaki ƙasar da ƙarfin yaƙi, yanzu kuma an ci su da yaƙi, don haka duk ikon da ke hannunsu ya koma hannun Ingila.

Abin da Turawan ba su zata ba shi ne yadda talakawa suka bi Attahiru. Manoma suka bar gonaki ana dab da damina, garuruwa suka yi ta watsewa, mutane dubbai suka ɗunguma bayansa. Wannan ya tsorata su fiye da yaƙin Giginya, shi ya sa suka bi sawunsa ba ƙaƙƙautawa har Burmi, a ƙasar Gombe ta yau. Harin farko da suka kai garin a watan Mayu bai yi nasara ba, aka kore su. Suka dawo a Yuli da ƙarin ƙarfi. Aka yini ana faɗa, Manjo Marsh da ke jagorantarsu ya mutu da kibiya mai dafi, Attahiru ya faɗi tare da mutum fiye da 600. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja waɗanda suka tsira suka ci gaba da tafiya gabas, har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Duk wannan, da hijirar da shahadar da raba iyali da aka yi, shi aka dunƙule cikin rubutun da bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Ƙarafa biyu na gaba, na 1903-04 da na 1904, na hare-haren da aka kai wa ƙananan al'ummomi ne, irin su mutanen ƙasar Bassa da Dakarkari. Ba a cika ambatonsu ba idan ana tarihin zuwan Turawa, domin ba su da sarakuna masu tambari da marubutan fada, amma ƙauyukansu sun ƙone kamar na kowa, wasu ma sun fi daɗewa suna turjiya fiye da manyan biranen.

Na shida, N. NIGERIA 1906, shi ne wanda ni dai ya fi tsaya mini a rai. Satiru ƙauye ne kudu da Sakkwato, tafiyar da ba ta kai yini ba. Talakawa ne da bayin da suka gudo suka taru a can kan aƙidar Mahadiyya, suka ƙi biyan haraji. Wani malami makaho da ake kira Ɗan Makaho ya iso musu daga ƙasar Zabarma, bayan Faransawa sun murƙushe tawayen da ya tayar a Kobkitanda, cikin Nijar ta yau. Ranar 14 ga Fabrairu muƙaddashin Razdan Hillary ya tafi da sojan doki don ya kama shugabannin. Mutanen Satiru suka auka musu da gatura da fartanya da kibau, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin, suka ƙwace bindiga mai ruwa. Ba a taɓa yi wa Turawa irin wannan kaye a Arewa ba. A lokacin yawancin sojojin suna can ƙasar Tibi, sai da aka kira su da gaggawa. Ranar 10 ga Maris suka dawo, wannan karon tare da dawakan Sakkwato, domin sarakuna ma sun ga tawayen barazana ne gare su. An kashe mutum wajen 2,000, aka kwashe mata da yara, aka rushe garin, Sarkin Musulmi ya la'anci wurin kada a sake zama. Labarin ya tayar da hankali har a ofishin mulkin mallaka a Landan, inda Winston Churchill, wanda yake ƙaramin minista a lokacin, ya nuna rashin jin daɗinsa a rubuce. Duk da haka aka buga ƙarfen shaida. A wata na gaba aka tafi Haɗeja, inda Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, ya mutu yana faɗa a cikin garinsa, shi ya sa ake ce masa Mai Shahada. Ƙarfe ɗaya ne ya haɗa Satiru da Haɗeja, kuma babu sunan ko ɗaya daga cikinsu a jikinsa.

Yanzu a juya mindar a dubi bakinta, wato kaurin da ke zagaye da ita. A nan ake buga lambar soja, da muƙaminsa, da sunansa, da rundunarsa. Wanda ya duba mindodin 1903 zai ga kaɗan ne ke ɗauke da sunayen Turawa. Mafi yawa sunayenmu ne: sunan yanka, sai sunan gari a matsayin na biyu, wane Kano, wane Katsina, wane Bauchi, wane Zariya, domin haka magatakardan bariki ke rubuta kurtu idan ya zo shiga soja. Wannan ita ce gaskiyar da ke da nauyin faɗa. Turawan da suka ci ƙasar Hausa ba su cika mota biyu ta yau ba. Hannun da ya ja kunamar bindiga a Kabuga da Giginya da Burmi baƙin hannu ne, kuma da Hausa aka ba shi umarni.

Su wane ne waɗannan mutane? Asalin abin ya koma 1863, lokacin da wani hafsan jiragen ruwa, John Glover, ya tara wasu 'yan Arewa a Ikko, yawancinsu bayin da suka tsere wa iyayengijinsu a ƙasar Yarbawa, ya ba su bindiga. Aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Daga nan Turawa suka ɗauki ra'ayin cewa Bahaushe shi ne sojan ƙwarai, suka yi ta neman Hausawa, har suka kai su yaƙin Asante a ƙasar Gana ta yau, inda wasunsu suka zauna bayan sallama suka ƙara yawan jama'ar zango-zango. A 1897 aka ɗora wa Lugga aikin kafa rundunar Afirka ta Yamma, wadda ta zama uwar sojan Nijeriya na yanzu. Sai dai kalmar Hausa a bakin Baturen bariki tana da faɗi. Duk wanda ya ji Hausa Bahaushe ne: Banufe, Babarbare, Bazabarme, Bagwari, har da tsofaffin mayaƙan Rabe, wanda ya ci Barno, da suka rasa ubangida bayan an kashe shi a 1900. Yarbawa ma suna da yawa a cikin rundunar. Hausar da suke yi da juna ita ta zama barikanci, kuma ta nan ne kalmomi irin su soja, kofur, saje, samanja da ita kanta minda suka shigo bakinmu.

Yana da sauƙi mutum ya zauna yau ya kira su maciya amana. Ni ban ga wannan hukunci ya yi adalci ga dukkansu ba. Mutumin da aka kama yana yaro a wani hari, aka sayar da shi a kasuwa, ya gudu, ya sami wurin da za a ba shi abinci da albashi da bindiga, kuma babu mai iya mayar da shi bauta, wace amana ce ke wuyansa ta sarkin da mayaƙansa suka ƙone ƙauyensu? Harin bayi da Nagwamatse ya yi ta kaiwa ƙasar Gwari ba ƙagen Turawa ba ne, ko da yake sun yi amfani da shi sun halatta abin da suka riga suka yi niyya. A ɗaya gefen kuma ba za a wanke sojojin tas ba. Sun yi wasoso, sun ƙwace mata da dukiya, har takardun Turawan kansu sun ambaci hukunta wasu saboda haka, kuma tsoron mai jar dara ya daɗe a zukatan mutanen karkara. Da mai gudun bauta, da mai neman abin kai wa baki, da mai son ganima, duk sahu ɗaya suka tsaya, minda iri ɗaya aka ba su.

Iri ɗaya, amma ba daraja ɗaya ba. Kafin wannan minda, Kamfanin Neja ya buga tasa don yaƙe-yaƙensa, ciki har da na Bida da Ilori na 1897: ta azurfa ga Turawa, ta tagulla ga baƙaƙe. A sabuwar mindar an daidaita sojoji, kowa azurfa, wannan kam ci gaba ne. Sai dai a wasu yaƙe-yaƙen an buga ta tagulla don masu hidimar da ba sa riƙe bindiga. Ga kuma 'yan dako, waɗanda babu rundunar da za ta motsa ba tare da su ba. Su ke ɗauke da harsashi da abinci da tantuna da sassan igwa a ka, daga Zungeru zuwa Zariya zuwa Kano zuwa Sakkwato, da yawansu ma tilasta su aka yi. Sau da yawa yawansu ya kai na sojojin ko ya fi, amma su ne aka fi mantawa da su wajen rabo. Shi kansa sojan da ya sami azurfar, ba takalmi yake tafiya ba, ana yi masa bulala idan ya yi laifi, kuma komai daɗewarsa da ƙwarewarsa ba zai wuce samanja ba. Sai a ƙarshen shekarun 1940 aka fara ba ɗan Nijeriya muƙamin hafsa.

Sauran ƙarafan mindar sun nuna cewa abin da ya same mu ya sami wasu. Akwai ARO 1901-1902, na rushe Arochukwu a ƙasar Ibo. Akwai NANDI 1905-06 a Kenya, inda aka kashe jagoransu Koitalel a wurin da aka kira shi sulhu. Akwai ƙarafa da dama na Somaliya, domin Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan ya shafe shekara ashirin yana hana Turawa barci, sai a 1920 suka ci ƙarfinsa da jiragen sama. Akwai NYASALAND 1915, na tawayen John Chilembwe a Malawi ta yau. Akwai NIGERIA 1918, na boren Egbawa kan haraji da aikin tilas. Daga 1920 aka yi shiru fiye da shekara talatin, har aka ɗauka mindar ta mutu. Sai ga ta ta dawo da kan Sarauniya Elizabeth da ƙarfe na ƙarshe, KENYA, don yaƙin Mau Mau na 1952 zuwa 1956. Wannan yaƙin ne a 2013 gwamnatin Ingila ta amince an azabtar da mutane a cikinsa, ta biya fam miliyan 19.9, wato diyyar tsofaffi 5,228 haɗe da kuɗin shari'a. Mindar da aka fara da Bida da Kwantagora, da sansanonin tsare 'yan ƙabilar Kikuyu ta Kenya aka rufe ta.

Al'adar ba ta tafi da Turawan ba. Lokacin da fararen Rodeshiya ƙarƙashin Ian Smith suka ɓalle daga Ingila a 1965, ba su daɗe ba suka buga tasu mindar hidima, suka cire kan Sarauniya suka sa na Cecil Rhodes, suka raba wa duk wanda ya yi aiki a yaƙin da suke yi da 'yan gwagwarmayar neman 'yanci. A can ma baƙaƙen sojoji da 'yan sanda masu yawa ne suka karɓe ta, kuma da ƙasar ta zama Zimbabuwe a 1980 suka wayi gari da lambar gwamnatin da ta shuɗe. Nijeriya ma ta buga nata mindodin, na samun 'yanci da na yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, bisa tsarin da ta gada: ƙyalle mai launi, ranakun da aka ƙayyade, rajistar waɗanda suka cancanta. Kowace gwamnati da ta buga minda tana faɗin yadda take so a tuna da yaƙin ne, kuma wanda aka yaƙa ba a tambayarsa.

To ina mindodin 1903 suke yanzu? Kaɗan suna gidajen tarihi. Da yawa suna hannun masu tara kayan tarihi a Ingila, ana gwanjonsu a Landan, farashi na hawa gwargwadon ƙarancin ƙarfen shaidar da kuma sunan da ke baki. Ta hafsan Bature da aka san labarinsa ta fi ta kurtu tsada nesa ba kusa ba. Rajistar waɗanda aka ba mindar kuwa, mai ɗauke da lamba da suna da runduna, tana gidan adana takardun gwamnatin Ingila da ke Kew. Wannan rajista a ganina dukiyarmu ce. Tarihin da muke karantawa na wancan zamani na sarakuna ne da waziransu da malamansu, sai na Lugga da hafsoshinsa. Talakan da ya rayu a 1903 da wuya a sami inda aka rubuta sunansa, balle garinsu. Ga wuri ɗaya da aka rubuta ɗaruruwansu, ko da kuwa a sahun da ba mu so aka same su. Ya kamata a ce akwai kwafinta a Gidan Arewa da ke Kaduna da sassan tarihi na jami'o'inmu, a zauna a bi sunayen garuruwan ɗaya bayan ɗaya, a ga daga ina aka fi shiga soja, a gwada da inda hare-haren bayi suka fi tsanani, a haɗa da abin da tsofaffin unguwannin bariki a Zungeru da Lakwaja da Zariya da Kaduna suka ji daga kakanninsu. Tutar Attahiru da aka ɗauke a yaƙin an mayar da ita Sakkwato a 1960. Sunayen nan ba su da wuyar dawowa kamar tuta, hoto kawai za a ɗauka.

Wasu mindodin kuma ba su taɓa barin ƙasar nan ba. Suna cikin adaka da tsofaffin akwatunan ƙarfe, a gidajen da jikoki ba su san abin da suke ba. Wanda ya ci karo da irinta a kayan kakansa, ya fara duba kan da ke fuskarta: idan mai gemu ne da sanƙo, Edward ne, yaƙin ya faɗa tsakanin 1900 da 1910. Sai ya karanta ƙarfen shaidar, daga na ƙasa zuwa na sama, domin haka aka jera su bisa tsarin aukuwa. Sai ya karkata ta wajen haske ya karanta bakin, ya rubuta lambar da sunan da harufan rundunar a takarda, domin da lambar ake nemo mutum a rajista. Kada a goge ta da toka ko yashi, rubutun bakin siriri ne, yana shafewa. Kada kuma a kai wa maƙerin farfaru ya narkar, azurfar da ke jikinta ba ta da wani yawa.